Baƙar Wayar Ɗakin Kaka

Makon jiya ina aiki a wani gida a cikin birni, na sauke babban makunni, na ga komai ya mutu, sannan na ɗora testa, ɗan sukudireban nan na gwajin wuta, a kan wayar fitilar falo don dai sabo. Sai ga ɗan jan hasken nan ya kama a cikin mariƙin testar. Maigidan da ke tsaye a bayana ya ce ai ba zai yiwu ba, da idonsa ya ga na kashe wuta, sai dai in testar tawa ce ta lalace. Daman tun da na shigo yake kallona a kaikaice, don bai taɓa ganin mace da tsani da filaya ba. Na dubi ɗan tabon da ke kan yatsata manuniya, nan take na ji warin danshin ɗakin kakata ya cika mini hanci.

Gidanmu yana wani ƙauye ne tsakanin Kura da Bunkure, kanal, wato magudanar ruwan noman rani, ya bi ta bayansa. In ka san yankin, ka san ƙasarmu ba ta bushewa. Ko da tsakiyar rani, lokacin da wasu garuruwa ke neman ruwan sha, mu gindin katangunmu a jiƙe yake, har wani farin gari mai kama da kanwa yake tsatsowa a jikin bango. Iska kuwa in ba ta kawo maka ƙamshin shinkafar da mata ke turarawa ba, to za ta kawo maka warin tumatirin da ya kwana a kwando. A cikin wannan danshin na girma, a ɗakin kakata ta wajen uba, domin tun da aka yaye ni ta ɗauke ni. Tsohuwa ce doguwa, marar jiki, mai kaifin harshe da kaifin kunne. Ba ta kirana da sunana sai ’yar ɗakina, ni kuma ina ce mata tsohuwa mai rigima, ta kai mini duka da mafici ta rasa.

Bayan rasuwar kakanmu namiji, Baba da ƙanensa, wanda muke kira Baffa, suka ɓata a kan gonar da ke bakin ƙofar ruwa. Aka yi rabon gado, kowa ya karɓi nasa, amma zukata ba su sauka ba. Suka sa aka ja katangar bulo ta raba gidan biyu, kowa ya fasa ƙofarsa. Katangar ta taho tiryan-tiryan har ta iso ɗakin Kaka, ta tsaya, saboda ɗakin a tsakiyar gidan yake kuma babu mai ƙarfin halin cewa a taɓa shi. Ƙofar ɗakin ta faɗo ɓangarenmu, tagarsa ta baya ta faɗa ɓangaren Baffa. A jikin bangon bayan ne matar Baffa take da sito, wani ɗan ɗaki marar taga inda take tara shinkafar da ta turara. Wuta ma aka raba ta. Tsohuwar mita ta zauna a wajenmu, Baffa ya jawo sabuwa. Shekara huɗu ’yan’uwan nan biyu ba sa gaisawa, ko a masallaci kowa da sahun da yake tsayawa. Matan dai ba su shiga ba, gishiri da daddawa ba su daina wucewa ta tagar Kaka ba.

Baba yana da wata ɗabi’a. Wuta mai ƙarfi ta taɓa zuwa ta ƙona masa rediyo da fanka a rana ɗaya, tun daga nan duk ranar da zai yini a waje sai ya sauke hannun babban makunnin da ke zaure kafin ya fita. Ranar da ba ya fashin yini a waje kuwa ita ce ranar da aka sako ruwa a layin gonakinmu. Tun asuba zai saɓi fartanya, sai magariba mu gan shi, laka har gwiwa. A irin wannan ranar gidanmu ba wuta ko an kawo, kuma babu mai taɓa makunnin nan, don ya ja kunnen kowa.

To a lokacin ne aka fara yayin farin ƙwan fitilar nan mai lanƙwasa, Baba ya sayo ya sa wa Kaka ɗaya. Ba a yi wata guda ba ƙwan ya fara abin mamaki. Ranar ruwa, gida ba wuta, makunnin ɗaki a kashe, sai ka ga ƙwan ya ƙifta, ya yi shiru, ya sake ƙiftawa. Ɗakin ƙasa ne mai duhu ko da rana tsaka, don haka ba ya ɓoyuwa. Ni na fara gani, na nuna wa Kaka, ta ce in rabu da shi, ƙila gaishe mu yake. Amma wata maƙwabciya da ta shigo aron rariya ta gani, ta fita ba ta ɗauki rariyar ba. Kafin la’asar magana ta gama unguwa. Aka ce mutanen ruwa ne, wato aljanu, ɗakin a kan hanyarsu yake, shi ya sa ba sa zuwa sai ranar da kanal ya cika. Kuma ka ji lissafin kamar ya zauna daidai, domin ba a taɓa ganin ƙiftawar nan ba sai ranar ruwa.

Baba ya kawo wani mai gyara daga bakin kasuwa. Ya canza ƙwai, ya canza makunnin ɗaki, ya sauke babban makunni ya gwada da testa, bai ga komai ba, ya ce lafiya ƙalau. Ranar ruwa ta zagayo, ƙwai ya ci gaba da abinsa. Aka kawo malami ya yi addu’a, aka turara ɗakin, aka rataye laya a saman ƙofa. Kaka ba ta hana ba, ta ce addu’a ko ba aljani tana so. Ƙwai bai fasa ba.

Da surutun ya ishe ta, wata ranar ruwa ta ce in hau in cire ƙwan gaba ɗaya kowa ya huta. Shekarata goma sha ɗaya. Na jawo turmi na kife, na hau, na riƙe ƙarfen taga da hannun hagu don kada in faɗi. Na murɗo ƙwan ya fito, sai yatsata ta zame cikin mazauninsa. Abin da na sani kawai shi ne wani abu ya fizge ni tun daga yatsa har haƙora, na tsinci kaina a ƙasa, ƙwai ya tarwatse, Kaka tana tofa mini addu’a tana jijjiga ni. Yatsar ta ƙone kaɗan, ga tabon har yau. Na yi ta cewa wuta ce ta ja ni. Baba da ya dawo ya je ya duba makunni ya tarar da shi a sauke yadda ya bar shi. Ya ce wace wuta, gidan da ba wuta? Ummata ta rushe da kuka, ta ce sun fara taɓa mata ’ya. Ban taɓa jin takaici irin na ranar ba. Ni aka ja, ni na ji a jikina, amma kowa ya fi ni sanin abin da ya same ni.

Daga nan magana ta fi ƙarfin mata. Dattawan unguwa suka shiga tsakani, wannan ya je wajen Baba, wancan ya je wajen Baffa, aka tsayar da shawara. Ranar Juma’a mai zuwa bayan an sauko daga masallaci za a kwashe kayan Kaka a mayar da ita wani sabon ɗakin bulo a ɓangarenmu, a rushe tsohon, katanga ta wuce ta haɗe. Liman da kansa ya zo ya gaya mata, Baba na tsugune a bakin ƙofa, Baffa na tsaye ta taga, kowa ya kau da kai daga ɗan’uwansa. Ta bari liman ya gama tsaf, ta yi masa godiya, sannan ta juya ga ’ya’yanta.

“Shekara huɗu ba ku gaisa ba, yau kun sami abin da ya haɗa bakinku, fitar da ni daga ɗakina. To ku ji da kyau. Nan aka kawo ni, nan na haife ku, daga nan kuma za a fitar da ni, amma ba da ƙafata ba.”

Baba ya ce, “Inna, don lafiyarki ne da ta yarinyar nan.”

Ta ce lafiyarta tana hannun Allah, ta jawo carbinta, kowa ya san zance ya ƙare. Amma su ma ba su janye ba. Washegari na ga an sauke yashi da bulo a ƙofar gida.

Kwana biyu Kaka ba ta cika magana ba, abin da ba halinta ba ne. Tana zaune a bakin gado, bayanta jingine da bangon sito. A rana ta uku muna cin ɗumame ta ce da ni, ’yar ɗakina, kin taɓa jin aljanin da yake jira sai ubanki ya tafi gona? Na ce a’a. Ta ce ita ma ba ta taɓa ji ba. Sai ta gaya mini abin da kunnenta ya daɗe yana kwasa ta bango ba ta kula ba. Duk ranar ruwa, matar Baffa in ta shiga sito awon shinkafa sai ta danna makunni, fitila ta ƙi kamawa, ta yi tsaki ta zagi ƙwan, ta yi awonta a duhu, ta fita ta bar makunnin a kunne. Da magariba kuma, daidai lokacin da Baba ya shigo zaure ya ɗaga hannun makunninsa, sai ka ji matar Baffa daga can tana ce wa ƙwan sito, sai yanzu ka ga dama. Mu a nan muna fama da ƙwan da ke kamawa ba wuta, su a can suna fama da ƙwan da ke mutuwa ga wuta, kuma ba wanda ya haɗa biyun saboda masu gidajen ba sa magana.

Ranar Talata aka kawo wuta da hantsi, Baba ya tafi kasuwa bai sauke makunni ba. Kaka ta ce in zagaya gidan Baffa in tsaya a ƙofar sito, in sa matar Baffa ta kunna fitila, in fitilar ta mutu in buga bango da ludayi sau ɗaya, in ta dawo in buga sau biyu. Ita kuwa ta dogara sandarta har zaure, ta kama hannun makunnin da babu macen da ta taɓa taɓawa a gidan, ta sauke. Fitilar sito ta mutu a kan idona. Na buga. Ta ɗaga, fitila ta dawo. Sau biyar muka yi, Ummata na tsakar gida tana isar da saƙo tana salati. Matar Baffa ta riƙe haɓa, ta ce ashe duk ƙwayayen da ta zubar ba su da laifi.

Na ɗauka shi ke nan an gama. Ina! Da Baba ya dawo, maimakon ya saurara sai ya hau faɗan wa ya taɓa masa makunni. Ya ce mitarsa daban, ta wancan gidan daban, babu abin da ya haɗa su, tsufa ne kawai da son ɗaki. Baffa kuwa da labari ya je masa a karkace, ya aiko cewa wato yanzu shi ake so a mayar ɓarawon wuta. Aka ce Juma’a tana nan yadda aka sa ta.

Ranar Laraba da sassafe Kaka ta yafa mayafinta mai kyau, ta ce in ɗauko mata takalmi. Tsohuwar da ta fi shekara ba ta wuce ƙofar gida ba, ta bi gefen kanal da sanda, ina biye da ita. Masu babur suna tsayawa suna cewa Inna hau mu kai ki, tana cewa ƙafarta ba ta mutu ba. Manoma suna ɗagowa daga cikin albasa suna kallonmu. Sau uku ta zauna ta huta kafin mu isa injin casar shinkafa da ke bakin titi. Akwai wani mutum a wurin, Kirista ne daga wajen Filato, shi ke gyaran wutar injinan, ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasunmu. Ta sa aka kira shi, ya fito duk jikinsa ƙaiƙayi, ya durƙusa ya gaishe ta. Ta zayyana masa komai daki-daki, ta kama hannuna ta nuna masa yatsata. Bai yi dariya ba, bai ce tsufa ba ne. Tambaya ɗaya ya yi, ko gidan da can mita ɗaya ce. Ta ce ƙwarai. Ya gyaɗa kai ya ce, “Mama, gobe in an kawo wuta ina nan tafe. Kafin nan kada kowa ya sake taɓa wayar ɗakin.”

Allah ya taimake mu aka kawo wuta ranar Alhamis bayan azahar. Ya zo da jakarsa a bayan keke. Kaka ta aika aka kira ’ya’yanta, ta ce ba ta taga ba, kowa ya shigo ɗaki ya zauna. Suka shigo, ɗaya ya zauna a wannan kusurwa, ɗaya a waccan. Mutumin ya ce Baba ya je da kansa ya sauke makunninsa. Ya sa aka kunna fitilar sito. Sannan ya hau tsani ya buɗe mazaunin ƙwan, wayoyi biyu suka bayyana, ja da baƙa. Ya ɗora testa a kan baƙar, jan haske ya kama, kowa ya gani. Ya ce a kashe makunnin sito, hasken ya mutu. A kunna, ya dawo. Bai tsaya a nan ba, ya fito da wani ɗan agogon awo mai allura ya gwada, allurar ta tashi ta kusa kaiwa inda cikakkiyar wuta take kaiwa. Na dubi Baba, na ga ya kasa haɗa ido da ni.

Ya ɗaga kwalin silin guda ɗaya ya leƙa da tocila, ya jawo wani ƙulli na waya da aka naɗe da tsohon salatif, duk ƙura da kashin ɓera. Ya yi bayani a hankali yadda har ni na gane. Ya ce wuta ba ta zuwa ta zauna, da jar waya take shigowa, da baƙa take komawa. Da gidan yana ɗaya, baƙar wayar sito ta nan ɗakin ta bi ta tafi zaure. Da aka raba, yaron da ya yi aikin ya ja wa sito sabuwar ja daga mitar Baffa, ya ga fitila ta kama, ya bar baƙar a inda take, don mutane sun ɗauka baƙar waya ba ta cizo. To duk ranar da Baba ya sauke makunninsa, yana yanke ja da baƙa ne gaba ɗaya, wutar da ta fito daga gidan Baffa sai ta rasa hanyar komawa, ta tsaya cikin wayoyin gidanmu tana jiran wanda zai taɓa. Ɗan abin da ke zurarewa ta danshin bango shi ke sa ƙwai ƙiftawa. Mai gyaran farko bai ga komai ba ne don ranar makunnin sito a kashe yake. Ya ce babu wanda ya saci wutar wani, mitar kowa abinsa take ƙirgawa. Sannan ya dube ni ya ce Allah ne ya yi da sauran kwanana.

Kaka ba ta ce ai na faɗa muku ba, ko da yake na ga maganar a bakinta. Ni ce ban iya haƙuri ba, na ce, “Baba, na ce maka wuta ce.” Yarinya ba ta yi wa uba haka a gidanmu, amma ranar babu wanda ya tsawata mini.

Mutumin ya kashe mitar Baffa ita ma, ya sake gwadawa, ya ɗauko filaya zai datse ƙullin. Kaka ta ɗaga hannu ta ce ya dakata. Ta daɗe tana kallon wayar nan, ta ce ashe ita kaɗai ta rage da ba su raba ba. Sai ta ce ya yanke, ba ta son abin da zai kashe mata jika. Ya yanke, ya ja wa sito sabuwar baƙar waya daga gidan Baffa. Yana haɗa kayansa ta ce aiki bai ƙare ba. Ƙwai biyu take so a ɗakinta, ɗaya daga gidan babban, ɗaya daga gidan ƙaramin, kowanne da wayarsa da makunninsa. Ya ce Mama, wuta biyu a ɗaki ɗaya ba a son haka. Ta ce ’ya’ya biyu ta haifa a ɗakin. Ya yi murmushi, ya bi da ɗaya ta bangon gabas, ɗaya ta bangon yamma, ya shafa wa na Baffa jan fenti don kada wani ya ruɗe. Ta kafa doka, duk wanda ƙwansa ya mutu shi zai zo da ƙafarsa ya canza, ba aike.

Juma’a ta zo ta wuce ba wanda ya ɗaga ko tabarma. Bulon da aka sauke da shi aka yi wa awaki makwanci. Ba zan ce maka Baba da Baffa sun rungumi juna ba, ba a yi haka ba. Amma Baffa dole ya riƙa shigowa ta zaurenmu, kuma ba ka wuce yayanka a zaurensa ba ka ce sannu ba. Ƙwan Kaka kuwa ya riƙa mutuwa da wuri fiye da na kowa a garin. Sai da na girma na gane sassauta shi take sa jikoki su yi.

Shekara tara ta ƙara a ɗakin. A nan ta cika, da hantsi, su biyun suna zaune a gefenta, kuma su suka fitar da ita a kafaɗarsu.

Yanzu garin ya canza. Rufin gidaje duk faifan sola, injinan casa sun cika bakin titi, yara suna Hausa suna surka Turanci. Baba da Baffa sun tsufa, tare suke zama a inuwa ɗaya suna gardamar ranar ruwa. Ni kuma wannan aikin na koya, duk da an ce ba na mata ba ne, kuma har gobe ba na taɓa waya don wani ya rantse mini ya kashe wuta, sai na gwada ja na gwada baƙa. Maigidan nan na cikin birni ma, da na bi layin, baƙar wayarsa na tarar a haɗe da ta shagon da ya yanka daga jikin gidan.

Bara ’yan’uwana suka ce a rushe ɗakin Kaka a yi na bulo, danshi ya cinye gindinsa. Na ce a yi masa yaɓe. Wani ƙanena ya ce to aƙalla in cire wayoyin nan biyu, tunda ni da bakina nake cewa wuta biyu a ɗaki ɗaya haɗari ne. Gaskiya ya faɗa, a gidan wani ba zan yarda in bar su ba. Na saka tsani na hau, na gwada kowacce, na ƙara ɗaure su, na sake shafa wa na Baffa jan fenti, na sauko na kunna duka biyun.